Keken Hawan Dutse a Damagaram: Sifirin na Aiki da Sifirin na Ado

Ɗan ƙanwata ne ya jawo wannan rubutu. Ya tara kuɗin aikin da ya yi lokacin hutu, sai ga shi da hoton wani keke a waya, irin waɗanda yaran Zinder ke ce wa VTT, ja jawur, da ƙaton sifirin a tsakiyar cikinsa kamar na babur. Ya ce, "Kawu, wannan ko rami ka faɗa ba za ka ji ba." Na ce masa gani ya kori ji, mu je.

Da muka isa wurin mai sayarwa ban ma hau keken ba. Na kwantar da ƙirjina a kan sirdi, na danna da dukan nauyina, sannan na saki farat ɗaya. Keken ya daka tsalle, ƙafar baya ta bar ƙasa, aka ji ƙarfe ya bugi ƙarfe, ya ƙara ɗan lilo kafin ya natsu. Yaron ya washe baki, don a wurinsa tsallen nan shi ne shaidar ƙarfi. Ni kuwa tsallen ne ya sa na ce ya mayar da kuɗinsa aljihu. Har muka iso gida yana cika yana batsewa, shi ya sa na ga gara in zauna in warware zancen, saboda shi da ire-irensa.

Abin da makanikanmu ke kira amortisa, mutanen Kano kuma su ce shokazoba, abu biyu ne a haɗe, amma ɗaya kawai ido ke gani. Sifirin shi kaɗai ba ya cinye bugu. Ajiya yake karɓa: ka danna shi ya riƙe, ka sake shi ya mayar maka da kayanka cif. Mai cinye bugun yana ciki a ɓoye. A cikin kowace amortisa ta gaske akwai ƴar kwalba cike da mai, da fistin mai ƙananan ƙofofi. Duk lokacin da ƙafa ta hau dutse ko ta sauko, dole man ya kutsa ta waɗannan ƙofofi, kuma wannan kutsawar ce ke mayar da ƙarfin bugun ya zama zafi ya watse. Ɗauki sirinji ka zuƙi man gyaɗa, ka gwada tura shi da sauri, za ka ji yadda yake maka gardama. Gardamar nan ita ake saye da tsada. Idan babu ita, sifirin zai karɓi bugun dutse ya jefa maka shi a ƙugu, ya kuma ɗaga tayar daga ƙasa daidai lokacin da kake neman birki.

Na san haka ne don na taɓa faɗawa. Kekena na farko irin wannan ne. Bayan ƴan watanni ya fara kuka kamar tsohuwar ƙofa, na kai wa wani dattijon bakanike a unguwarmu. Ya kwance abin, ya zare sifirin, ya juye kwalbar a tafin hannunsa. Ba ɗigon mai ko ɗaya. Sanda ce kawai a cikin bututu, da wata roba da ta gama cinyewa, sai tsatsa da jan ƙasa. Ya miƙo mini ya ce, "Malam, wannan ai kwalliya ce aka sayar maka."

To, me ya sa tun farko aka sa wa keke wannan abu a baya? Keken hawan dutse ya samo asali ne a yankin Marin na jihar Kalifoniya a Amurka, cikin shekarun 1970, inda wasu samari ke gangaro tsaunin Tamalpais a kan tsofaffin kekuna masu kaurin taya. Joe Breeze ya ƙera nasa na musamman a 1977, kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper kasuwa a 1981, kuma dukansu sandararru ne gaba da baya. Sai a 1989 Paul Turner ya kafa RockShox ya kawo ƙafar gaba mai lotsawa, na baya kuma ya yaɗu cikin shekarun 1990. Masu tseren da suka karɓe shi ba hutun ɗuwawu suke nema ba. Suna so taya ta zauna manne da ƙasa, domin tayar da ke sama ba ta birki, ba ta kwana, ba ta tura keke gaba. Daɗin zama gyara ce aka samu a kan cinikin.

Amma da aka sa gaɓa a bayan keke sai wata matsala ta ɓullo, wadda babur bai san ta sosai ba. Injin babur yana juyawa sumul, ƙafar mutum kuwa tana bugawa ne ɗaya bayan ɗaya. Kowane taku, nauyinka ya koma baya, sirdi ya nutsa ya taso, wani kaso na ƙarfinka ya tafi wajen ɗumama mai maimakon cin hanya. Ga kuma sarƙa tana jan ƙafar baya, ga birki shi ma yana murɗa ta. Duk sunayen da za ka gani an rangaɗa a jikin kekuna masu tsada, amsoshi ne daban-daban ga tambaya guda: yaya ƙafa za ta ji dutse amma ta yi kunnen uwar shegu da feda?

Mafi sauƙi shi ne mai gaɓa ɗaya. Ƙarfen da ke riƙe da ƙafar baya, mu kira shi hannu, yana maƙale a wuri guda kamar ƙyauren ƙofa, yana hawa yana sauka, yana danna amortisa kai tsaye. Kamfanin Orange na Ingila ya shahara da wannan ƙira. Duk hikimar tana wurin da aka dasa gaɓar. Idan ta yi sama kaɗan, jan sarƙa yana taimakawa wajen hana nutsewa, sai dai in ƙafa ta bugi babban dutse za ka ji feda ta ɗan ture ka baya. Idan ta yi ƙasa, ya yi laushi amma ya riƙa lilo a kan hawa. Ana kuma yi masa tsegumin cewa yana ɗan sandarewa in ka damƙe birkin baya a kan gargada. Boris biyu ne kacal a babbar gaɓarsa, kuma ka riƙe wannan lissafin, za mu dawo kansa.

Wani injiniya ɗan asalin Ostiriya mai suna Horst Leitner, wanda ya fito daga harkar babura, shi ya ƙara wata gaɓa a kan hannun ƙasa, dab da aksul ɗin baya. Da wannan ƴar gaɓa ƙafar ta daina zama a kan hannun da ke maƙale da gangar jiki, sai birki ya rage katsalandan a aikin amortisa. Har yau da sunansa ake kiran ƙirar, Horst Link. Specialized ta sayi haƙƙin mallakarta ta yi shekaru tana sayarwa da sunan FSR, yanzu kuma wa'adin haƙƙin ya ƙare, kamfanoni da yawa na yin ta. Sai kuma dangi na uku, inda bayan keken gaba ɗaya dunƙulalle ne, an rataye shi da wasu gajerun hannaye biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. A nan babu tsayayyar gaɓa guda. Wurin da ƙafar ke kewayawa yana sauyawa yayin da take lotsawa, don haka mai ƙira na iya sa ta taurare a inda ake taka feda, ta saki jiki a inda ake cin karo da dutse. VPP na kamfanin Santa Cruz daga wannan gida yake, hannayensa biyu suna juyawa saɓanin juna. DW-Link na Dave Weagle, da Ibis da Pivot ke amfani da shi, da Maestro na Giant, nasu hannayen gefe guda suke juyawa.

Akwai wata ƙira ta huɗu da ya kamata mutumin Zinder ya gane ta da ido, don ita ta fi yawa a cikin masu araha. Duba wurin da feda ke juyawa. Idan yana kan ɓangaren baya mai motsi, ba a kan gangar gaba ba, to tsohuwar dabara ce ta shekarun 1990 da manyan kamfanoni suka gwada suka watsar. Aibinta a fili yake: da zarar ka miƙe tsaye a kan feda, kamar yadda kowa ke yi a wurin gangara mai duwatsu, nauyinka ya koma kan ɓangaren da ke motsi, amortisar ta kusa zama ƴar kallo. Tana aiki kana zaune a kan kwalta, ta yi barci a inda aka saye ta domin shi.

A mujallun Turai ana ta ja-in-ja a kan wanne ya fi tsakanin Horst da VPP da saura. Ni a ganina, tsakanin kekuna nagari bambancin bai kai yawan surutun ba, kuma ga mai hawa a Damagaram ba nan gizo ke saƙa ba. Ƙirga gaɓoɓi. Mai ƙirar Horst ko mai tagwayen hannaye yana da gaɓa huɗu, yawanci boris takwas ko fiye, ban da robobin da ke idanun amortisa. Kowane boris ƙofa ce da ƙurar hunturu ke ƙwanƙwasawa tun daga Nuwamba har Maris. Ƙurar nan ba irin yashin da ake karkaɗewa ba ce, gari ce lukui, tana bi ta ƙarƙashin roba ta cakuɗe da giris ta zama abin wasa wuƙa. In damina ta zo ka ratsa kwari biyu, ruwan laka ya ƙarasa aikin. Sa'ar ɗaya ita ce da yawa daga boris ɗin nan masu lamba ne irin na injuna, ana iya dacewa da su wurin masu kayan babur in ka tafi da tsohon a hannu. Cire su ba tare da an fasa mazauninsu ba shi ne aikin, don guduma da kurfi ba sa shiri da alminiyam.

Ita kanta amortisar iri biyu ce, mai sifirin ƙarfe da mai iska. Mai iska ta fi sauƙin nauyi, kuma ana daidaita ta da nauyin kowa ta hanyar ƙara iska ko ragewa. Sai dai iskar da take ci ta wuce tunanin mai faci. A ma'aunin matsin iska da ake kira bar, tayar mota ba ta cika wuce bar biyu da rabi ba, wannan kuwa takan nemi bar 10 zuwa 17, a cikin ɗan wurin da bai kai kofin shayi ba. Tana da nata famfo na musamman mai agogo, wanda ke kai wa bar 20. In ka sayi keken gwanjo mai irin wannan babu famfon, tamkar ka sayi kwaɗo ba mabuɗi ne. Zafi ma yana taɓa ta: iskar da ka auna da sanyin asubar Janairu, in rana ta take a Afirilu ta ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin goma. Mai sifirin ƙarfe ta fi nauyi, amma ba ta sacewa, ba ruwanta da famfo, ga laushi a kan ƙananan tsakuwa. Nata cikas ɗin shi ne sifirin ɗin an yi shi ne don wani nauyi. Wanda aka sa wa ƙaton Bature mai kilo 95 ba zai motsa ba a ƙarƙashin yaro mai kilo 55, kuma sassauta zoben da ke matse shi ba ya mayar da shi mai laushi, sai dai a sauya shi ɗungurungum.

Kowacce ka samu, awo guda ne farkon komai: nawa keken ke nutsewa in ka zauna a kai shiru. Ana so ya cinye kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na tafiyar sandar amortisa. Mutane na mamakin wannan, suna ganin asara ce, alhali nutsewar ce ke ba ƙafa damar miƙewa ta bi rami maimakon ta rataye a sama. A ce sandar na tafiyar milimita 55, ƙafar baya kuma milimita 140, wato kowane milimita ɗaya na sanda ya ba ƙafa biyu da rabi. Ka jingina da bango, ka tura zoben robar da ke kan sandar har ya taɓa baki, ka zauna a hankali, ka sauka a hankali, ka auna. Milimita 14 zuwa 16 ake nema. Bayan nan sai wani maɓalli a jikin amortisa, wanda a na kamfanonin Fox da RockShox duka ja ne, mai kula da saurin dawowa. Ka sauko daga dakalin ƙofar gida kana zaune a sirdi. In keken ya nutsa ya taso ya tsaya, ya yi. In ya ƙara lilo, rufe maɓallin kaɗan. In ya taso a kasalance kamar wanda aka tasa daga barci, buɗe shi.

Ga kuma abin da mai sayarwa ba zai faɗa maka ba. RockShox ta ce a buɗe a share a sa sabon mai duk bayan awa 50 na hawa, babban gyara kuma a awa 200. Fox ta ce awa 125 ko shekara guda. Mai hawa awa biyar a mako ya cika hamsin ɗin nan cikin mako goma, kuma waɗanda suka rubuta adadin ba su san hazon Damagaram ba. Ƙaramin gyaran mai haƙuri zai iya koya, in ya samu robobin. Babban kuwa, a yawancin amortisa akwai wani ɗaki mai matsanancin matsi a ciki, ba abin da za a buɗe a gindin bishiya ba ne.

Yanzu mu dubi ƙasar da za a taka. Masu ƙera kekuna sun kasa su bisa zurfin lotsawar ƙafa: na tseren dogon zango milimita 100 zuwa 120, na yawon daji 120 zuwa 150, na gangara zalla kusan 200. Wannan na ƙarshe a ƙasashensu da mota ko igiyar lantarki ake kai shi ƙololuwar tsauni, aikinsa saukowa kawai. Mu kuwa duwatsunmu na Birni da waɗanda suka kewaye gari curarru ne, falale da tsaguwa, gangararsu gajera, kafin ka ce kwabo ka sauko. Abin da ya fi yawa da zarar ka bar kwaltar Mirya ko ta Tanut ka shiga hanyar amalanke tsakanin gonakin gero shi ne rairayi, sai marmara mai gargada nan da can. Rairayi kuwa bai san amortisa ba. Abin da ya sani shi ne faɗin taya da ƙarancin iska. Taya mai faɗin inci 2.3 zuwa 2.6 da iska wajen bar ɗaya da rabi tana shimfiɗa tafinta ta bi ta sama, siririya mai tauri kamar dutse kuma ta yanka ta nutse. Mai facinmu ya saba bugawa har sai taya ta yi ƙara in an ƙwanƙwasa, don shi a saninsa keke na dakon kaya ne. Sai ka tsaya a kansa ka ce ya isa.

Saboda haka ga mutum tara cikin goma da za su tambaye ni, keke mai sandararren baya nake nunawa, mai ƙafar gaba ta kirki da taya mai kauri. Da kuɗi iri ɗaya za ka samu birki da giya mafi inganci, nauyi ya ragu, gaɓoɓin da za su yi kuka babu su. Gwiwoyinka su ne amortisar baya, in ka koyi ɗaga ɗuwawu daga sirdi. Na goman shi ne wanda ya riga ya ƙware yana neman gudu a kan duwatsu, ko mai ciwon baya da gargada ke wahalarwa, kuma yana da hanyar samun kayan gyara daga waje. Shi ma mai gaɓa ɗaya zan ce ya fara nema, milimita 120 zuwa 130 sun ishe shi. Kafin ya biya, ya kama sirdi ya ɗan ɗaga, in ya ji ƙwas to robobin idanun amortisa sun ci. Ya riƙe gangar jiki ya girgiza ƙafar baya hagu da dama. Ya shafa sandar da farce, don ƙarzuwa ɗaya ta isa ta riƙa yaga roba har abada. Ya goge wuraren walda ya duba tsaga, yana tuna cewa ƙarfe mai walda na bakin titi zai ɗinke shi, alminiyam kuwa sai injin musamman, kuma ko an ɗinke ba ya komawa ƙarfinsa na da.

Kayan tafiya kuma, kafin komai ƙaya. Ban taɓa turo keke da ƙafa zuwa gida saboda amortisa ba, amma tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa sun sa na yi hakan fiye da a ƙirga. Maganin da ya fi shi ne tubles, tayar da ba tif, da ake zuba wa wani farin ruwa mai kama da madara. In ƙaya ta shiga, iska ta turo ruwan cikin hudar ya daskare nan take, kai ba ka ma sani ba. Aibinsa a nan zafi: a bazara wata biyu ya isa ya bushe ya zama dunƙulen roba, sai ka riƙa girgiza ƙafar kana saurare, in ba ka ji motsin ruwa ba ka ƙara. Wanda wilinsa bai karɓi tubles ba ya nemi tif mai kauri ya zuba ruwan a ciki. Ko da tubles ɗin, tif ɗaya a jaka dole ne, amma kafin ka sa shi bi cikin tayar da yatsa a hankali, don tsofaffin ƙayoyin da ruwan ya rufa wa asiri duk suna nan tsaye. Ka duba bawul ma. Kekunan Turai da yawa siririn bawul gare su wanda famfon mai faci ba ya kamawa, ɗan ƙaramin mahaɗi na tagulla ke raba wannan gardama.

Sarƙa kada a kusance ta da baƙin mai. Yana kama ƙura ya cinye haƙoran giya. A ɗiga mai marar kauri, a bar shi ya shiga, a goge na waje tas da tsumma har ta zama kamar ba a sa ba.

Hular kwano ta keke daban take da ta ƴan kabu-kabu. Tana da ƙofofin iska, cikinta kuma wani busasshen soso ne da aka yi shi don ya murƙushe a madadin ƙoƙon kai. Sau ɗaya yake wannan aiki. Shi ya sa ta gwanjo ke ba ni tsoro, ba ka san ko ta riga ta ceci wani ba. In akwai lambar EN 1078 a ciki, ta cika ƙa'idar Turai. Safar hannu mai rufe yatsu ta fi kariyar gwiwa amfani a nan, don mai faɗuwa tafi yake kai wa ƙasa, ƙasar kuma ƙarangiya ce. Tabarau saboda reshen magarya da ƙura. Takalmi rufaffe mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, ba silifa ba, a kuma ɗaure bakin wando na dama. Ruwa kuwa gora ɗaya ta jikin keke wasa ce. Ni ba na fita da ƙasa da lita biyu, da ƙullin gishiri da sukari da ɗan dabino, kuma daga Maris zuwa Yuni bayan sallar asuba nake fita, kafin ƙarfe tara ina gida.

Ɗan ƙanwar tawa dai mako uku muka yi muna zagaye kafin muka dace da wani na hannu, toka-toka, fentinsa duk ya koɗe, baya a sandare, ƙafa inci 27.5. Bai so shi ba, ya ce abokansa za su ce na tsofaffi ne. Ragowar kuɗin muka sa a taya biyu da hula. Fitarmu ta farko muka bi wata hanyar amalanke gabas da gari, ya shiga rairayi ya kafe sau biyu, na sauka na sace masa iska, na ce ya koma baya a sirdi ya daina damƙe kan keken kamar mai kokawa. Da muka dawo ya juya keken a tsakar gida yana tsince ƙaya da ɗan hantsaki, yana jerawa a kan murfin gwangwani. Ya kai ta tara ya ɗago ya ce, "Kawu, wannan in na zare iska za ta fita?" Na ce zare ka juya ƙafar, hudar ta koma ƙasa.